Turancin filin jirgi da ƙananan kalmomin da ke juya magana: tambayoyi da amsoshi

Mutumin Nima, Mamobi ko Sabon Zango a Accra ba baƙon Turanci ba ne. Da shi ake ciniki a kasuwar Makola, da shi ake shiga ofis. Sai dai Turancin filin jirgi yana da nasa hali: gajere ne, da sauri ake faɗinsa ta lasifika, kuma ba wanda zai tsaya ya maimaita maka. Sunayen abubuwa ba su cika wahalar da matafiyi ba, don ana ganinsu da ido. Inda ake zamewa shi ne wajen ƙananan kalmomin nan da malaman nahawu ke kira bayanau, masu nuna yaushe da yaya abu zai faru. Harafi biyu a wutsiyar kalma sun isa su sa mutum ya zauna a lokacin da ya kamata ya tashi da gudu. Ga tambayoyin da 'yan kasuwa, ɗalibai da maniyyata suka fi yi.

Malam, ejan ya turo mini takarda a WhatsApp. Da ita zan hau jirgi?

A'a, Alhaji. Wannan takardar *e-ticket* ce ko *itinerary*, wato shaidar cewa an biya kuɗi an tanadar maka wuri. A jikinta akwai *booking reference*, haruffa da lambobi guda 6 a haɗe, su ne ake neman sunanka da su a kwamfuta. Idan ka isa filin jirgi za ka yi *check-in*: ka miƙa fasfo, a auna kayanka, sannan a ba ka *boarding pass*. Wannan katin ne ke shigar da kai jirgi, kuma a kansa aka rubuta lambar kujera da ƙofar da za ka bi.

Tun kana gida ka ɗora takardar kusa da fasfonka ka duba suna harafi bayan harafi. A nan Ghana suna ɗaya yana da rubutu uku: Abubakar, Abubakari, Bukari, Mohammed, Muhammad, Mahama. Mu mun san duk ɗaya ne, kwamfuta ba ta sani ba. *Surname* shi ne sunan da fasfo ya sa a matsayin na iyali, *given names* kuma sunanka na yanka da abin da ke biye da shi. Gyara kafin ranar tafiya ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Ina zan nufa idan na sauka daga mota?

*Departures* na masu tafiya ne, *arrivals* na masu sauka da masu tarbarsu. A filin jirgin Accra, wanda jama'a suka fi sani da Kotoka, an buɗe Terminal 3 a 2018, kuma daga nan manyan jiragen ƙasashen waje ke tashi. Jiragen cikin gida masu zuwa Kumasi, Tamale da Takoradi, su ne *domestic flights*, wurinsu daban ne. Tikitinka zai nuna maka ginin da za ka shiga. Filin jirgin Kumasi kuma tun 2024 sunan Prempeh na Farko yake ɗauke da shi.

Kowane gari yana da haruffa uku da ake liƙa wa akwati: ACC Accra, KMS Kumasi, LOS Legas, KAN Kano, DXB Dubai, JED Jidda, MED Madina. Ta Saudiyya ake nufi, ba tamu da ke hanyar Adenta ba. Idan ma'aikaciya ta ɗaura wa akwatinka takardar, ka leƙa ka ga haruffan garin da za ka ne.

Lokuta huɗu na gani a rubuce. Wanne ne nawa?

Wanda mutane ke riƙewa, *departure time*, shi ne wanda bai shafe ka ba. Lokacin da jirgi zai bar wurin da yake tsaye ke nan, an riga an kulle ƙofa. Naka su ne *check-in closes*, lokacin daina karɓar kaya, wanda galibi awa ɗaya ne kafin tashi a tafiyar ƙasar waje. Da *boarding time*, lokacin fara shiga. Da *gate closes*, wanda kan zo kamar minti 15 zuwa 20 kafin tashi. Shi ya sa ake cewa a iso awa 3 kafin lokaci. Mai fitowa daga Nima yana ganin filin jirgi a bayan gida yake, to amma mai fitowa daga Kasoa da yamma ya san cunkoson hanyar nan. Jirgi ba trotro ba ne da zai jira sai ya cika, ko a buga masa gefe ya tsaya.

A nan ne *on time* da *in time* suke shigowa. *On time* na nufin daidai lokacin da aka rubuta, ba jinkiri. Shi za ka gani a allo. *In time* na nufin an iso da sauran lokaci, kafin a makara. Jirgi ne ke tashi *on time*, kai kuma ka iso *in time*.

Sai tarkon tsakar dare, wanda ya cinye wa mutane da yawa kuɗin tikiti. Agogon jirgi awa 24 yake ƙirgawa: 14:00 ƙarfe biyun rana ne, 22:30 goma da rabi na dare. Idan aka rubuta Talata 00:30, to daren Litinin za ka bar gida bayan sallar isha'i. Mu a bakinmu "daren Talata" yana iya zama daren da ya biyo bayan yinin Talata, kuma wanda ya bi wannan lissafi zai iso ya tarar jirginsa ya tashi tun daren jiya. Haka nan duk lokacin da ke kan tikiti na garin da abin zai faru ne, shi ne *local time*. Najeriya tana gaban Ghana da awa 1, Saudiyya da awa 3, Dubai da awa 4. Alamar +1 kusa da lokacin sauka tana nufin sai washegari za a isa.

Na ji an ce *boarding shortly*. In tashi ko in zauna?

Ka tattara kayanka ka matso kusa da ƙofa, amma ba a fara ba tukuna. *Shortly* ba shi da alaƙa da gajarta kamar *short*. Ma'anarsa nan ba da daɗewa ba. *Now boarding* an fara shiga. *Immediately* yanzu-yanzu, ba sai ka gama shayinka ba. *Final call* ko *last call* kiran ƙarshe ne, kuma idan ka ji sunanka a bayansa, to gudu ya kama ka.

Akwai biyu da ko Turawan kansu ba su daidaita a kai ba. Matuƙi Ba'amurke idan ya ce za a sauka *momentarily*, nufinsa nan da ɗan lokaci kaɗan. A Turancin Ingila kalmar tana nufin na ɗan lokaci kawai, kamar a taɓa ƙasa a sake tashi. *Presently* kuma wani na nufin yanzu, wani na nufin an jima kaɗan. Kai dai kada ka yi amfani da su a maganarka. *Now* da *soon* sun wadatar.

Mene ne bambancin *late* da *lately*, da *hard* da *hardly*? A makaranta an ce mana a ƙara *ly* kawai.

Ƙa'idar makaranta gaskiya ce a mafi yawan kalmomi: *slow* ya zama *slowly*, *careful* ya zama *carefully*. Amma akwai 'yan tsirarun da idan aka ƙara musu wutsiyar sai su koma wata kalma dabam, kuma abin haushin shi ne su ne aka fi amfani da su.

*Late* a makare. *The flight arrived late*, jirgi ya iso a makare. *Lately* kuwa kwanan nan. Idan jami'in lafiya ko na shige da fice ya tambaye ka *have you travelled lately?* ba ya zarginka da latti, tambayarka yake ko ka yi wata tafiya a 'yan kwanakin nan. *Recently* ma haka take.

*Hard* da ƙarfi, ko tuƙuru. *Hardly* da ƙyar, kusan babu. Ɗalibin da ya tsaya gaban jami'i yana so ya nuna ƙwazonsa ya ce *I study hardly*, ya gaya masa ne cewa ba ya taɓa littafi sai nadiran. Daidai shi ne *I study hard*. Idan ma'aikaciya ta ce *there are hardly any seats left*, kujeru sun kusa ƙarewa, ka yanke shawara a take. *Barely* da *scarcely* 'yan'uwan *hardly* ne.

*Near* kusa, ta fuskar wuri. *Nearly* saura kaɗan. *I nearly missed my flight* na nufin saura ƙiris jirgi ya bar ni, amma na samu. Wanda jirgi ya bari da gaske *I missed my flight* zai ce. Idan ka sa *nearly* a teburin neman taimako, sai a taya ka murna a kira na bayanka.

*High* sama, *highly* ƙwarai da gaske, kamar *highly recommended*. *Close* kusa, *closely* da lura, kamar *listen closely*. *Most* mafi yawa; *mostly* galibi. Waɗannan ukun ba su cika jawo asara ba, sanin su dai ya fi.

An ce mini jirgin *direct* ne, amma ya sauka a wani gari. Ejan ya cuce ni?

Ba lallai ba ne. A yaren kamfanonin jirgi, wanda ba ya sauka ko'ina sai inda za shi *non-stop* ne. *Direct* na nufin lambar jirgin ba ta canza ba daga farko har ƙarshe, ko da ya ya da zango a hanya ya sauke wasu ya ɗauki wasu. Mai son tafiya ba tsayawa, *non-stop* zai nema da bakinsa. *Directly* kuma umarni ne: *proceed directly to the gate*, ka wuce kai tsaye zuwa ƙofa, ban da leƙa shagon turare.

Idan za ka canza jirgi, a Addis Ababa ko Istanbul ko Dubai misali, wannan *connecting flight* ne. Zaman jiran da ke tsakani *layover*, kai kuma fasinjan *transit* ne. Da ka sauka ka bi allon da ya ce *transfers* ko *connecting flights*. Kada ka bi taron jama'a zuwa *exit*, domin su sun iso gida, kai da sauranka. *Stopover* tsayawa ce mai tsawo, galibi fiye da awa 24, kuma tana iya buƙatar biza ta garin. Tambaya ɗaya da ya kamata ka yi tun a Accra: *is my baggage checked through?* Wato kayana za su wuce har ƙarshe da kansu, ko sai na karɓa a tsakiya na sake miƙawa?

Hajiya ce ke tambaya: kilo nawa aka yarda in ɗauka, kuma me ya sa aka ce jakata ta yi nauyi alhali ban kai jimillar ba?

Hajiya, kalmar da za ki nema a tikiti ita ce *baggage allowance*. Idan kika ga 2PC ko 2 x 23kg, akwati biyu aka ba ki, kowanne kada ya wuce kilo 23. Ba kilo 46 aka ba ki ki raba yadda kika ga dama ba. Ɗaya mai 30 ɗaya mai 16 zai ja miki kuɗi duk da lissafin ya fito daidai. Wasu kamfanonin kuma jimillar nauyi suke bayarwa, sai ki duba naki. Ko da kin yarda ki biya, yawancinsu ba sa karɓar akwati guda da ya haura kilo 32, saboda bayan masu ɗagawa. Kuɗin ƙarin nauyi shi ne *excess baggage*, kuma a filin jirgi ya fi tsada.

*Checked baggage* kayan da kika miƙa aka kai ma'ajiyar kaya ta jirgi. *Hand luggage*, *cabin bag* da *carry-on* duk sunan ƙaramar jakar hannu ne, wadda sau da yawa kilo 7 ce iyakarta. Magani, kuɗi, takardu da kayan sawa na kwana ɗaya su zauna a ta hannu. Abin cajin nan na tafi-da-gidanka, *power bank*, dole a hannu yake tafiya, an hana sa shi a babban akwati saboda batirinsa na iya kamawa da wuta. Ruwa-ruwa kuma akasin haka: a jakar hannu kowace kwalba kada ta wuce mililita 100. Su a wurinsu *liquids* ya haɗa da shito (miyar barkonon nan), man kaɗe, zuma da turare. Babbar kwalbar shito da aka sha wahalar soyawa, idan ta biyo jakar hannu, a kwandon jami'an tsaro za ta kwana. Ki naɗe ta da leda sosai ki sa a babban akwati.

Ki kuma bambanta *free* da *freely*. *Free* kyauta, ba biya. *Freely* ba takura. *You may move freely about the cabin* izinin miƙe ƙafa ne. *Duty free* kuwa ba kyauta ba ne ko kaɗan, haraji ne kawai aka cire.

Na ce kayana *too much*, sai ma'aikacin ya miƙo mini takardar biya. Me na faɗa?

A titin Accra *too much* yabo ne. A Turancin ofis *too* kullum yana nufin an wuce iyaka, akwai matsala. *Very heavy* yana da nauyi sosai amma ana iya karɓa. *Too heavy* ya wuce ƙa'ida, sai an rage ko a biya. *Very late* an makara sosai. *Too late* an rufe, ba sauran magana. Idan aka ce *slightly overweight*, ɗan kaɗan ya haura, cire takalmi biyu ka sa a jakar hannu ya wadatar. *Approximately* kimanin. *Strictly* ba sassauci, kuma inda ka ga *strictly prohibited* roƙo ba ya aiki.

Me ya sa suke tambaya ko ni na haɗa kayana da kaina?

*Did you pack your bags yourself? Has anyone given you anything to carry?* Waɗannan tambayoyi biyu sun fi duk sauran nauyi a wurin mutumin Zango, saboda mu ba a tafiya ba saƙo. Da an ji za ka Landan ko Jidda, maƙwabta sun fara sallama da ƙulli: wannan na ɗana ne, wannan na ƙanwata. Ƙin karɓa da kunya, amma duk abin da aka samu a akwatinka naka ne a idon doka, ko ka san da shi ko ba ka sani ba. Ka kwance kowane ƙulli a gaban mai shi, wanda ya ƙi a buɗe ya riƙe abinsa. Hukumomin alhazai ma sun sha gargaɗin maniyyata game da goro da ƙwayoyi irin su tramadol. Idan kana ɗauke da saƙo aka tambaye ka, ka ce eh, ka nuna.

Akwai wani wurin zamewa a nan da ba laifin kowa ba ne, ginin harsunan biyu ne ya bambanta. Bahaushe idan aka ce masa "ba ka da wuƙa a jaka?" sai ya ce "eh", ma'ana haka ne, ba ni da ita. Bature idan ya ce *you don't have any sharp objects?* kai kuma ka ce *yes*, abin da ya ji shi ne kana da ita. Nan take za a ja jakarka gefe. Maganin abin shi ne kada ka tsaya a kalma ɗaya, ka cika jimlar: *no, I don't*, ko *yes, I do*.

*Already*, *yet* da *still* fa? Duk kamar ɗaya nake jinsu.

*Already* an riga: *the gate has already closed*. *Yet* tukuna, kuma yana tafiya da tambaya ko korewa: *boarding has not started yet*, ba a fara ba tukuna. *Still* har yanzu ana kai: *check-in is still open*. Na farko ya wuce ka, na biyu bai iso ba, na uku kana da dama amma ka hanzarta. *No longer* shi ne kishiyar *still*, an daina.

Allon nan mai sauya rubutu, me yake cewa game da jirgina?

*Delayed* an jinkirta. *Cancelled* an soke. *Rescheduled* an sauya lokaci, kuma yana iya zama jirgin zai tashi kafin lokacin da aka sa tun farko, ba dole bayansa ba, shi ya sa duba saƙon waya kwana ɗaya kafin tafiya yake da amfani. *Diverted* an karkatar da jirgi ya sauka a wani gari, abin da kan faru a lokacin hazon hunturu idan matuƙi ba ya ganin ƙasa. *Gate change* an sauya ƙofa.

Bayanau da ke biyo baya shi ke gaya maka girman matsalar. *Temporarily* na ɗan lokaci. *Indefinitely* ba wanda ya san ranar ƙarewa, haka ma *until further notice*. *Definitely* kuwa tabbas ne. Kamar junansu suke a kunne, amma ɗaya alkawari ne ɗaya rashinsa. *Eventually* a ƙarshe dai, bayan an sha jira. Ma'aikacin da ya ce maka jirgi zai tashi *eventually* bai ba ka lokaci ba, ka nemi wurin sallah da abinci.

Idan an soke, kalmomi uku za a jera maka: *rebook* a sa ka a wani jirgi, *refund* a maido maka da kuɗi, *voucher* takardar da za ka yi wata tafiya da ita nan gaba a kamfanin. Ba ɗaya ba ne, kada ka sa hannu sai ka san wanne ka karɓa. *Overbooked* an sayar da tikiti fiye da kujeru. *No-show* shi ne wanda bai zo ba kuma bai sanar ba, kuma a kamfanoni da yawa hakan na soke har tikitin dawowa.

A cikin jirgi fa?

Kaɗan ne. *Window* kujerar taga, *aisle* ta bakin hanya, kuma ba a furta harafin s ɗin, "ayil" ake cewa. Dattijo mai yawan zagayawa ya nemi ta bakin hanya tun wajen *check-in*. *Fasten your seat belt* ɗaura bel. *Upright* miƙar da kujera. *Remain seated* ci gaba da zama. *Turbulence* girgizar iska, wadda ke tsorata sabon shiga amma abu ne da aka saba. A ƙofar banɗaki *vacant* ba kowa, *occupied* da mutum. Mai alwala ya taƙaita ruwa, ƙasan wurin ba shi da magudana. Abincin halal ana nemansa tun lokacin sayen tikiti da sunan *Muslim meal*, a takarda MOML, ko da yake kamfanonin ƙasashen Larabawa duk abincinsu halal ne.

Me jami'in shige da fice zai tambaye ni, kuma ina mutane suke kuskure?

*Immigration* mutum suke dubawa: fasfo, biza, dalilin zuwa. *Customs*, kwastan, kaya suke dubawa. Tambayoyin ba su da yawa: *purpose of your visit*, me ya kawo ka, *how long*, kwana nawa, *where will you stay*, ina za ka sauka. A Turancin Ghana mukan ce *I stay at Nima* muna nufin can muke zaune. A wurinsu *live* ne zama na dindindin, *stay* masauki ne na baƙo. Mai bizar ziyara da ya ce *I will live with my brother* ya jawo wa kansa ƙarin tambayoyi. Haka *temporarily* da *permanently*, kada harshe ya zame.

*Currently* a halin yanzu. *Actually* a zahiri, kuma ana amfani da shi ne wajen gyara magana. Waɗanda suka taso da Faransanci, 'yan'uwanmu na Togo, Nijar da Burkina Faso, sukan ɗauka *actually* na nufin yanzu, saboda wata kalmar Faransanci mai kama da shi. *Sometimes* wani lokaci, jefi-jefi. *Sometime* wata rana da ba a sa ba. Idan aka tambaye ka ranar komawa, *sometime next month* amsa ce mai rauni. Faɗi ranar, ka nuna *return ticket*. Kuma idan za ka koma ɗauko takarda a jaka, kada ka ce *I'm coming* kana juya baya. "Ina zuwa" namu ne. Shi zai ga mutum na cewa yana tahowa alhali tafiya yake. *One moment, please* ya isa.

Ƙasashe da yawa suna son fasfo ya kasance da sauran wata 6 kafin ya ƙare, shi ne *valid for six months*. Katin rigakafin zazzaɓin shawara, *yellow card*, ya zauna tare da fasfo. Maniyyata kuma akwai na sanƙarau. A kwastan layin kore *nothing to declare* ne, ja na mai abin bayyanawa. Birtaniya da Amurka ba sa barin matafiyi daga nan ya shiga da nama, kilishi kuwa nama ne ko ya bushe. Kuɗi masu yawa ma ana bayyana su. A Amurka iyakar dala 10,000 ce. Bayyanawa ba laifi ba ce, ɓoyewa ce ke jawo tara.

Akwatina bai fito ba. Me zan ce, kuma wa zan gaya wa?

Kada ka fita daga zauren *baggage claim*. Nemi teburin *lost and found* ko *baggage services*, ka miƙa ƙaramar takardar nan mai lamba da aka liƙa a bayan katinka ko fasfonka a Accra, wato *baggage tag*. Mutane na yar da ita, alhali ita ce shaidarka. Ka ce *my bag has not arrived*. Za a cika takardar rahoto da ake kira PIR a ba ka lamba. A ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1999, akwatin da bai zo ba bayan kwana 21 ana ɗaukarsa ɓatacce, kuma wanda ya iso a fashe kana da kwana 7 ka kai ƙara a rubuce. *Delayed*, *damaged* da *lost* hukuncinsu daban-daban ne. Hoton akwatin a waya yana sauƙaƙa bayani fiye da dogon Turanci.

Mahaifiyata za ta yi tafiya ita kaɗai, ba ta jin Turanci. Yaya za mu yi?

Allah Ya kai Hajiya lafiya. Ku nema mata *wheelchair assistance* tun wajen sayen tikiti, ko da tana iya takawa, in dai doguwar tafiya na wahalar da ita. Ba a biyan kuɗi, kuma ma'aikaci zai tura ta daga teburin kaya har ƙofar jirgi, wani ya karɓe ta a inda za a canza jirgi. A rubuta mata kati da manyan haruffa: sunanta, lambar jirgi, garin da za ta, lambar wayar mai tarbarta tare da lambar ƙasa, sunan magungunanta, da jimlar *I speak Hausa only*. Ta rataya shi a wuya tare da fasfo, kada a cusa a ƙasan jaka.

In za ta iya riƙe jimla biyu, to su zama *please speak slowly* da *please write it down*. A kula, *slowly* ne a hankali. *Loudly* da ƙarfi ne, kuma ɗaga murya ba ya ƙara fahimta. A layin jirgin da ya tashi daga Accra zuwa Jidda ko Dubai da wuya a rasa mai jin Hausa, don haka mai rakiya ya duba tun a wajen awon kaya, ya yi sallama da wata mai tafiya gari ɗaya ya damƙa mata amanarta. Sharaɗi ɗaya dai: kowa ya riƙe jakarsa.